Gargaɗi ga Masu Zane da Kwamfuta a Ƙonni, Malbaza da Illela: Ku Kwashe Aikinku Kafin Ku Taɓa Komai

Wannan kira ne na gaggawa ga duk wanda abincinsa ke cikin kwamfuta ko cikin wayar da yake zane da ita, tun daga shagunan bakin babbar hanya a Birnin Ƙonni da Tsarnawa, zuwa Malbaza da Galmi da Dogarawa, har Illela da Badagishiri da Tajaye. Da mai tsara katin ɗaurin aure da na suna nake, da mai buga allon talla, da mai gyaran hoton takardun shaida, da mai zana tambarin shago ko na ƙungiyar manoman albasa, da mai shirya zanen da keken surfani zai ɗinka, da yaron da ya fara koyon zane a wayarsa bayan sallar isha'i. Kafin ku sake danna wani maɓalli da ke cewa ku sabunta, kafin ku miƙa na'urarku ga mai gyara ya zuba muku sabon Corel ko sabon Photoshop, ku kwafe duk aikinku zuwa wata ma'ajiya ta daban, ku zare ta daga jikin kwamfutar, ku tafi da ita gida. A yau ɗin nan za ku yi haka. Sauran maganar da zan yi duka a kan wannan take tsaye.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutar ba ta mutu ba. Tana kunnuwa kamar kullum, CorelDRAW yana buɗewa, injin bugawa yana fitar da takarda, shi ya sa da yawanmu ba su ɗauki abin da zafi ba. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da kamfanin ke turowa a Talata ta biyu ta kowane wata domin toshe ɓarakar da aka gano. Daga wannan rana, ɓarakar da aka gano tana nan a buɗe ga wanda bai shiga ƙarin wa'adin da zan ambata a gaba ba. Kuma ɓarayin intanet ba sa wahala wajen gano ta: duk facin da aka fitar wa Windows 11 yana nuna musu inda ramin yake, sai su leƙa Windows 10, sau da yawa su tarar da irinsa, tun da tushen su biyun ɗaya ne. Windows 7 kuwa, wanda har yanzu za ka shiga shago ka gan shi yana aiki, tun 14 ga Janairu 2020 aka bar shi. Windows 8.1 ya bi bayansa ranar 10 ga Janairu 2023, kuma a farkon 2023 ɗin Chrome ma ya daina sabuntuwa a kansu.

Duniya ta riga ta ga abin da sakaci da faci ke jawowa. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Facin da zai hana wannan ɓarna ya fita tun watan Maris na shekarar. Mutane ne ba su saka ba.

Na san amsar da ke bakin wasunku: “Ai ni ba na shiga intanet da kwamfutar aiki.” Malam, intanet ɗin ne ke zuwa wurinka. Yana zuwa a cikin kilen da mai aiki ya kawo maka daga wani shagon, yana zuwa a cikin fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp ka ɗora a kwamfuta ta waya, yana zuwa a cikin ƙunshin haruffan ado da abokinka ya sauke ya ba ka. A watan Agusta 2023 aka bayyana wata ɓaraka a WinRAR, manhajar da kusan kowane shago ke kwance ƙunsassun fayiloli da ita: mutum ya danna abin da yake gani hoto ne ko takarda a cikin ƙunshin, sai wata manhaja ta tashi a ɓoye. An toshe ɓarakar a fitowa ta 6.23, amma WinRAR ba ya sabunta kansa, sai ka je ka sauke sabon da hannunka. Wata guda bayan haka aka gano wata ɓarakar a yadda manhajoji da yawa ke buɗe hoto nau'in WebP, ta yadda hoto kaɗai, idan an shirya shi da mugun nufi, ya isa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Mai zane kuwa aikinsa ke nan tun safe har dare, karɓar hotunan mutane yana buɗewa.

Mai Windows 10 ya danna maɓallin Windows da harafin R tare, ya rubuta winver, ya ga fitowar da yake kai. Idan ba 22H2 ba ce, ya daɗe da fita daga kulawa tun kafin Oktoban 2025. Mai 22H2 da lasisi na gaskiya, Microsoft ya buɗe masa ƙofar ƙarin wa'adin faci zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko dai ya biya dalar Amurka 30, ko ya haɗa saitin na'urar da asusun Microsoft. Jinkiri ne kawai, don mutum ya shirya. Hawa Windows 11 kuwa ba kowace na'ura ke iyawa ba, domin yana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel yana neman ƙwaƙwalwa daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutocin hannu da ke cika shagunanmu da yawansu sun girmi wannan. Akwai masu gyaran da za su ce za su tura maka Windows 11 da ƙarfi ta wata dabara. Yana yiwuwa ya hau, amma kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan na'ura faci ba.

Yanzu ga babbar maganar, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗi. Mafi yawan Corel da Photoshop da ke cikin shagunanmu fasassu ne, waɗanda ake ce wa kirak. Ba na zargin kowa da son banza. Tun shekarar 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabon Photoshop a biya sau ɗaya, ya koma haya ta wata-wata da katin banki, kuma yaron da ke buga katin suna a Badagishiri bai da katin, bai da kuɗin. Na fahimci wannan sarai. Sai dai fahimta ba ta rage haɗarin ko kaɗan.

Ku tuna matakin farko da ake bi wajen saka kirak. Ana ce maka ka kashe maganin bairos, ka kashe Windows Defender, wai don kada ya cinye fayil ɗin. Wannan daidai yake da wani baƙo ya zo maka da dare ya ce zai ba ka kaya kyauta, amma sharaɗinsa ka sallami mai gadi ka ɗaure kare tukuna. Mutumin da ya ɓata makonni yana fasa manhaja, ya biya kuɗin ɗora ta a intanet, bai san ka ba, bai san garinku ba, me zai ci a ciki? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da zai ci yana cikin kwamfutarka.

Akwai wata muguwar manhaja ta garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta bazu tun wajen 2018, kuma babbar hanyarta ita ce kirak da manhajojin ƙirƙiro lambar lasisi ta jabu. Ba manyan kamfanoni take farauta ba. Irinmu take nema, masu ƙananan shaguna da ɗalibai. Idan ta shiga, sai ka wayi gari ka ga kowane fayil naka ya sami wasu baƙin haruffa huɗu a ƙarshen sunansa, babu wanda ke buɗewa: zanen Corel, aikin Photoshop, hotunan biki, takardun Word, duka. A cikin jakunkunan fayil za ka ga wata takarda mai suna _readme.txt tana neman kuɗin fansa, wanda a nau'o'inta da yawa ya kasance dalar Amurka 980, wato sama da jika 500 na sefa, ko 490 idan ka tuntuɓe su cikin awa 72. Duk ma'ajiyar da ke jone da kwamfutar a lokacin, ita ma tana shiga ciki. Wannan ne ya sa na ce a zare ma'ajiyar a kai gida. Ajiyar da ke manne da kwamfuta dare da rana tare suke tafiya.

Kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Sau da yawa tana tafe da wata manhajar sata, irin su Vidar ko RedLine, wadda aikinta kwashe kalmomin sirrin da ka adana a Chrome, da shaidar shigarka Facebook da Gmail. Ita wannan ba ta nuna kanta. Kwana biyu sai ka ji ana cewa shafinka na Facebook yana roƙon mutane kuɗi da sunanka.

A nan ne maganar ta wuce asarar mai shago shi kaɗai. Ku duba abin da ke cikin kwamfutar shagon zane a garuruwanmu: hoton katin shaidar mutane gaba da baya, takardun haihuwa, takardun makaranta, takardun fili da na mota, hatimin ƙungiyoyi da sa hannun shugabanninsu, hotunan amare da ƴan matan mutane da aka kawo a gyara don kalanda. Mutumin da ya miƙo maka kilensa ya ce “Malam, ka gyara mini wannan,” amana ya ba ka. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane ta ranar 16 ga Disamba 2022, tana da hukumar HAPDP da ke kula da wannan, tana kuma da dokar yaƙi da laifukan intanet ta ranar 3 ga Yuli 2019. Amma ko babu doka ko ɗaya, hoton ƴar wani da ya fita daga shagonka ya shiga hannun da bai dace ba, kunyar da ciwon a cikin gari ɗaya za a yi su, kuma ba za su goge ba. Aikin da aka gama aka biya, a share takardun shaidar mai shi. Babu dalilin ajiye katin shaidar mutum shekara uku a kan fuskar kwamfuta.

Ku kuma masu gyara da saka manhaja, ƴan uwa, da ku nake yanzu. Ma'ajiya guda da ke aljihunku tana shiga kwamfuta goma a mako, daga Ƙonni zuwa Galmi, wani lokaci har tsallaken iyaka zuwa Illelar Najeriya. Idan akwai cuta a cikinta, ku ne kuka raba, ko da ba ku sani ba. Mutane sun yarda da ku ne saboda kun fi su sanin abin. Kada ku goge kwamfutar kowa sai kun kwashe masa aikinsa kun buɗe a gabansa ya gani da idonsa. Kada ku mayar wa mutum na'urarsa da maganin bairos a kashe ba ku gaya masa ba.

Wanda ya guje wa kirak ma bai tsira ba idan bai san inda yake sauke manhajarsa ba. A watan Oktoba 2022, masu neman GIMP a Google sun riƙa ganin talla a saman shafi tana nuna adireshin gaskiya, gimp.org, amma idan an danna sai ta kai mutum wani shafin mai kama da shi sak, sunansa gilimp, inda abin da ake saukewa manhajar satar kalmomin sirri ce. A shekarar 2021 kuma masu kula da Krita suka fito suka yi gargaɗi cewa ana tura wa masu zane saƙon imel da sunansu, ana yi musu tayin kuɗin talla, a cikin fayil ɗin da aka haɗo kuwa manhajar garkuwa ce. Saboda haka ku rubuta adireshin da hannunku: krita.org, gimp.org, inkscape.org. Kada ku danna sakamakon farko idan an rubuta talla a kansa. Duk shafin da ya buɗo maka da kansa yana cewa manhajarka ta tsufa, danna nan, rufe shi. Duk bidiyon YouTube da ke cewa Photoshop kyauta, mahaɗin yana ƙasa, kalmar buɗewa 1234, ka sani an sa wa ƙunshin kalmar sirri ne don kada maganin bairos ya leƙa cikinsa.

Masu aiki da waya, PixelLab da PicsArt da ibisPaint da Canva, naku tarkon shi ne manhajar da aka yi wa kwaskwarima, wadda ake yawo da ita a rukunonin WhatsApp da Telegram ana cewa an buɗe komai kyauta. Manhajar zane ba ta da wata hulɗa da saƙonnin SMS ɗinka ko lambobin mutanenka. Idan ta nemi izinin karanta su, ka tuna a cikin wannan wayar ce lambobin tabbatarwa na Airtel Money, na Nita ko na Amana ke shigowa. Ka cire ta.

To, kada wani ya ɗauka cewa da ya ga sabuntawa ta gaskiya sai ya danna ido rufe. Ita ma tana ɓarna. A watan Oktoba 2018 Microsoft ya fitar da wata babbar sabuntawa ta Windows 10, ta share wa wasu mutane fayilolin da ke jakar takardunsu, har kamfanin ya janye ta cikin ƴan kwanaki. A watan Agusta 2020 sabuntawar Lightroom a wayoyin iPhone da iPad ta goge wa wasu hotuna da saitin launukansu, kuma Adobe ya fito ya ce waɗanda ba a riga an ɗora a rumbunsa na intanet ba sun tafi ke nan. Waɗannan manyan kamfanoni ne, manhaja ce ta halal, mutanen ba su yi laifin komai ba. Wanda ke da kwafi a gefe ya ci gaba da aiki, wanda ba shi da shi ya rasa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da ƙara. Fayil ɗin da aka adana da sabon CorelDRAW ba ya buɗewa a tsohon sai an zaɓi tsohuwar fitowa lokacin adanawa. Ka sabunta naka, ka gama allon mutum, ka tura Maraɗi ko Sakkwato wurin mai babban injin bugawa, shi kuwa yana kan X7 na 2014, ya kira ka ya ce ba ya buɗewa, ga taron gobe da safe. Kafin ka sabunta, ka tambayi wanda ke buga maka wace fitowa yake da ita. Idan za ka tura aiki, ka mayar da rubutun zane, wanda a Corel maɓallan Ctrl da Q ke yi, ka haɗa da PDF, amma ka ajiye wani kwafin da rubutun ke nan yadda za a iya gyarawa. Krita ma da ta fitar da 5.0 a watan Disamba 2021 ta sauya tsarin ajiye burushi gaba ɗaya, ta kuma faɗa a fili cewa burushin da aka yi a sabuwar ba zai yi aiki a tsohuwar ba. Mai zanen da ya shekara yana gyara burushinsa har ya zauna masa a hannu, ya kwafe jakar kayan aikinsa kafin ya hau sabuwa. A ƙarshen 2022 Adobe ya cire yawancin launukan Pantone daga manhajojinsa, masu tsofaffin fayiloli suka buɗe suka ga wasu launuka sun koma baƙi, sai an biya haya ta daban. A Janairu 2023 kuma ya daina karɓar tsofaffin haruffa nau'in Type 1.

Maganar haruffa ta fi shafarmu fiye da masu rubutu da Faransanci. Ba kowane salon haruffa ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Wanda ya sha wahala ya tara salon da ke da su, idan aka goge kwamfutarsa ba a kwashe jakar Fonts ba, ranar da ya buɗe tsohon aikinsa zai ga manhajar ta sauya masa salo da kanta, ƙugiyoyin sun ɓace ko sun koma ƴan akwatuna. Sunan mutum a katin aurensa ba abin wasa ba ne. Ku kwafe haruffanku tare da aikinku, ku kuma duba kowace ƙugiya kafin a buga.

Yadda ya kamata a yi sabuntawa ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Kwafi biyu na aikin, a ma'ajiya biyu, ɗaya ba ta kwana a shago. A buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin a wata na'urar a tabbatar suna buɗewa, domin kilen jabu ya yi yawa a kasuwa: yana nuna maka girman da ba shi da shi, yana karɓar fayil, ranar buƙata ka tarar babu komai. Facin tsaro na wata-wata a bar shi ya shiga, kada a kashe shi. Babbar sabuntawa kuwa, irin hawa daga wata fitowa zuwa wata, kada a yi ta ana tsakiyar aikin mutane. Makon jajibirin salla, lokacin da kowa ke jiran kalanda da kati, ba lokacinta ba ne. Windows yana ba da damar ɗage sabuntawa har kwana 35, kuma bayan babbar sabuntawa yana ba da kwana 10 a koma baya idan abu ya lalace. Shago mai kwamfuta biyu ko uku ya fara da guda, ya gwada injin bugawa da injin yanka da allon zane a kanta, domin sau da yawa tsohon inji ne ke ƙin magana da sabon tsari. Sai komai ya zauna a taɓa sauran.

Wuta ma a lissafa da ita. Ba mu manta da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba, lokacin da aka sa mana takunkumi, Najeriya ta yanke mana lantarki a watan Agusta, bai dawo ba sai Maris 2024. Ko da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, babu mai shagon da zai rantse wutar NIGELEC ba za ta ɗauke masa nan da awa guda ba. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar sabunta tsarin kwamfuta, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Mai kwamfutar tebur kada ya fara sai da na'urar riƙe wuta mai batir lafiyayye. Mai ta tafi-da-gidanka ya cika batir tukuna. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a yi aikin da sassafe ko da dare, a kuma hure ƙurar hunturu da ta toshe fankar, domin zafi yana kashe na'ura a tsakiyar aiki kamar yadda yankewar wuta ke yi.

Wancan takunkumin ya kamata ya tuna mana wani abu kuma. A watan Oktoba 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da manhajojinsa a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka. Daga baya ya sami izini ya fasa, amma masu zanen ƙasar sun kwana da sanin cewa kayan aikinsu na hannun wata gwamnati da ba tasu ba. Duk wanda aikinsa ke zaune a rumbun wani kamfani a intanet, har da masu Canva, ya sauke kwafin kowane aiki da ya gama zuwa na'urarsa, a nau'in da kowace manhaja ke iya buɗewa: PDF, PNG, TIFF ko SVG.

A ra'ayina, mafita ta gaskiya ga yawancin shagunanmu ita ce manhajojin da masu su suka bayar kyauta da yardarsu. Krita domin zane da fenti, GIMP domin gyaran hoto, wanda fitowarsa ta 3.0 ta zo a Maris 2025, Inkscape domin tambari da allon talla, Scribus domin tsara littafi da mujalla. Ba a kashe maganin bairos kafin a saka su, ba sa neman katin banki, suna da Faransanci, kuma babu haƙƙin kowa a wuyanka. Ba zan ce sun yi daidai da Corel da Photoshop a komai ba. Inkscape yana buɗe fayil ɗin Corel, amma ba kullum yake fitowa yadda aka zana shi ba. GIMP bai kai Photoshop ba wajen launukan bugu a takarda, kodayake Krita da Scribus suna cike wani ɓangare na wannan giɓin. Hannun da ya saba da Corel shekara goma zai ji nauyi a makonnin farko. Amma katin suna, katin aure, allon shago, tambari, hoton fasfo, wato aikin da ke kawo kuɗin cefane, duk suna yinsa. Tsohuwar na'urar da ta kasa hawa Windows 11 tana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu, su ci gaba da samun faci, waɗannan manhajojin kuma duk suna aiki a kai. A fara gwada injin bugawar tukuna. Wanda kuma aikinsa ya kai girman da dole sai Corel ko Adobe, ya sayi lasisi ya sa kuɗin cikin farashin aiki. Iyayen gida masu koyar da yara a shago da cibiyoyin koyon sana'a, ku fara yaran da waɗannan tun yanzu, kada darasinsu na farko ya zama yadda ake kashe maganin bairos.

Idan kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, ka ga sunayen fayiloli sun sauya, takardar neman fansa ta bayyana, to ka yanke intanet nan take, ka zare duk abin da ke jone, kada ka soka ma'ajiyar ajiyarka a wannan kwamfutar don ka duba ko tana nan. Kada ka biya. Babu tabbacin za a ba ka makullin, kuma kuɗinka ne zai ɗauki nauyin harin da za a kai wa na gaba. Kada ka bari a goge na'urar da gaggawa: a kwafe fayilolin da aka kulle, tare da takardar fansar, zuwa wata ma'ajiya da babu komai a cikinta, a adana. Kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar kwance STOP kyauta a watan Oktoba 2019. Tana aiki a kan wasu nau'o'in, musamman idan cutar ta kulle fayilolin lokacin da ta kasa tuntuɓar masu ita, amma ba ta aiki a kan duka. Akwai kuma shafin No More Ransom, wanda ƴan sandan Turai da na Holan suka buɗe a 2016 tare da kamfanonin tsaro, inda ake samun irin waɗannan makullan kyauta. Duk wanda ya bi ka a Facebook ko WhatsApp ya ce zai kwance maka idan ka tura masa kuɗi, ɓarawo na biyu ne.

Daga wata na'urar mai lafiya, ka sauya kalmomin sirrinka duka, ka fara da imel, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu a WhatsApp da Facebook da Gmail. Sannan ka kira mutanen da takardunsu da hotunansu ke cikin kwamfutar, ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu abin da ya faru, domin su ma su sauya abin da za su iya sauyawa, su kuma san abin da za su ce idan wani ya kira su da bayanansu a hannu. Bayan haka ne za a goge na'urar, a saka tsari mai tsabta daga shafin masu shi, a bar faci ya gama shiga, a binciki ma'ajiyar ajiya da maganin bairos, sannan a dawo da aiki.